Wa Kike Taya?

Nazeefa taubashiyata ce. Mahaifinta da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka a wasan taubasai ita ce uwargijiya ni ne bawa, kuma tun muna ƙanana ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Abin da na samu a nawa ɓangaren shi ne izinin faɗa mata duk abin da ya zo bakina, ba tare da wani babba ya tsawata mini ba. Da wannan izinin zan ba da labarinta. In ta ji haushi ta zo Gwagwalada ta same ni, ta san gidan.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana. Jakarta ba ta rabuwa da soyayyar gyaɗa, motarta kuwa ba ta rabuwa da bakanike, domin Nazeefa tana tuƙi ne kamar ramukan titi sun yi mata laifi. Tana aiki a ofishin Abuja na wata cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, a sashen da ke duba yadda shirye-shiryen noma ke shafar mata. Ni sunana Uthman, malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Gwagwalada. Gidana yana kan hanyarta ta zuwa ƙauyuka, shi ya sa duk ranar da ta dawo daga yawon bincike sai ta tsaya ta cinye abin da matata Rekiya ta ajiye mini, sannan ta ba mu labarin wunin da bakinta cike.

Bara ne kujerar shugaban sashensu ta zama babu kowa, kuma saura ƙiris ta wuce Nazeefa tana zaune tana kallo. Yadda aka yi ba ta wuce ta ba shi ne labarin. Amma sai na ɗan koma baya tukuna, don a san dalilin da ya sa na ce kujerar tata ce tun kafin a buga tallarta.

Mahaifinta, Kawu Maitama, ma'aikacin gwamnati ne da aiki ya kawo daga Zariya lokacin da rabin Abuja daji ne. A Gwagwalada ta yi makaranta har jami'a, inda ta karanta tattalin arzikin noma. Dangi sun sha yi mata dariya, ni ne kan gaba: wai yarinya za ta yi digiri a kan fartanya. Ko a jikinta. Da ta gama sai ta shiga cibiyar nan daga can ƙasa, cikin masu bin ƙauyuka suna yi wa manoma tambayoyi.

A nan ta fara nuna halinta. Cibiyar ta fito da wani sabon irin wake mai saurin nuna, aka ce a gano manoman da za a ba su gwada a ƙauyukan da ke kewayenmu. Tambayar farko da ake yi wa kowace mace ita ce, "Kina noma?" Kusan duk amsa ɗaya suke bayarwa: "A'a, ni dai taya maigida nake yi." Sai mai tambaya ya wuce gidan gaba. Da aka tattara sakamako, sai ya nuna wai mata ba su cika noma a yankin nan ba, aka raba iri ga maza. Maza suka shuka, suka yaba, buhuna suka cika. Damina ta zagayo, aka koma, aka tarar yawancin gidajen sun koma tsohon irinsu.

Nazeefa ta zo gidanmu a ranar tana huci. Ta ce ita ta ga hannayen matan nan, ta ga fason da ke dugadugansu, kuma ba a samun irin wannan faso a tsakar gida. Ta roƙi shugaban sashen, Dakta Timothy, ya bar ta ta koma ta sake tambaya, amma ta hanyarta. Ya bar ta. Ta jefar da "kina noma?" gaba ɗaya. Sai ta zauna a kan tabarma ta ce wa mace, "Jiya tun da kika idar da sallar asuba, me da me kika yi?" Daga nan sai zance ya kwance. Wa ya zaɓi irin da aka shuka? Ni. Wa ya bi bayan mai sara yana zuba iri? Ni da yara. Wa ya yi roro, wa ya yi sussuka, wa ya adana na baɗi a cikin toka don kada ya yi ƙwari? Duk ita. Maigida ya yi huɗa, ya yi noman fari da maimai, ya kai buhu kasuwa. Wannan shi suke kira noma. Sauran duka sunansa taya.

Kuma su matan ne suka kori sabon waken, ba tare da sun yi taro ko sun ɗaga murya ba. Ɓawonsa yana da taurin fita wajen surfe, ƙosansa ba ya tashi sai shan mai, harawarsa kuma ba ta isar awaki har rani. Da lokacin shuka ya yi, kowace ta buɗe tulunta ta miƙa wa maigida tsohon iri, shi ke nan. Wannan binciken ya sa masu haɗa iri a cibiyar suka sake lale, suka fara kai wa mata wake su jiƙa, su surfa, su soya, kafin a ce ya yi kyau. Hanyar tambayar Nazeefa ta bazu har ofisoshinsu na wasu ƙasashe. Ina alfahari da ita a kan wannan, ko da yake ban taɓa faɗa mata a gaban mutane ba, kada kanta ya kumbura.

Sai dai duk inda aka je gabatar da aikin, Dakta Timothy ne ke tsayawa a gaban jama'a. Ba na cewa mugu ne. Mutumin Filato ne mai fara'a, ɗiyata yake kiranta, ya zo bikinta da Nasrullahi, ya zo sunan 'ya'yanta, shi ya matsa mata ta koma ta yi digiri na biyu. Amma shi ne shugaba, sunansa ke sama. Ita kuma Nazeefa, wadda za ta iya tsayar da direban tirela a Zuba ta wanke shi tas a kan ya tare mata hanya, da ta shiga ofis sai ta zama 'yar gidan Kawu Maitama. An koya mata cewa mai hankali ba ya yabon kansa, kuma ba ya miƙa hannu ga abin da ba a miƙo masa ba. Da Dakta Timothy ya ce zai yi ritaya, aka buga tallar kujerarsa, sai ta zauna tana jiran ya kira ta ya ce ta nema. Kwanaki suna ta tafiya, ranar rufe karɓar takardu tana matsowa, ita tana nan tana kawaici.

Ana cikin haka wata Asabar ta kira ni da safe.

"Bawana, mota tana gareji. Zo ka kai ni Kuchigoro."

"Ranki ya daɗe, ranar hutuna ce."

"Bawa yana da hutu? Ka zo da wuri, kafin go-slow na Airport Road."

Na je. Kuchigoro unguwa ce da mutanen da rikici ya koro daga arewa maso gabas suka zauna a gefenta, kuma yawancin matan can ba su zauna jiran tallafi ba. Suna karɓar hayar gona a can wajen Kwali, su tafi su yi kwanaki a can idan damina ta kankama. Nazeefa tana so a saka su cikin masu gwada sabon iri. Muka zauna a inuwar wata rumfa da wata dattijuwa mai suna Christina, mutuniyar Gwoza. Ta ba mu labarin yadda suka baro gida, da yadda mijinta Zacharias bai tsira ba, da yadda ta iso Abuja da yara a bayan motar kaya. Ta faɗe shi kai tsaye, ba kuka, da alama ta sha faɗa. Sannan ta shiga zancen gonar Kwali, murya ta canza. Ta san inda ruwa ke kwanciya, ta san gefen da tsakuwa ta yi yawa, ta ce bana ma ta ƙara faɗin gonar.

Nazeefa ta ce, "To Mama, za mu saka ki cikin manoman da za su gwada waken nan."

Christina ta girgiza kai. "A'a Madam, ni ba manomi ba ne. Taya baban yara nake yi."

Na ga Nazeefa ta dakata. Wannan amsar ta ji ta a ƙauyuka ba adadi, amma kullum akwai maigida a wani wuri, ko a gona ko a kasuwa. Ta matsa kusa da matar, ta sassauta murya.

"Mama, baban yara ya rasu tun kafin ku zo nan. Gonar Kwali ko ganinta bai yi ba. Wa kike taya?"

Christina ta yi dariya da fari, irin dariyar wanda aka kama yana magana shi kaɗai. Sai dariyar ta tsaya. Ta kalli tafin hannunta, ta juya shi, ta kalli bayansa. Ni kuma na ji kunya ta kama ni kamar na leƙa ɗakin da ba a ce in shiga ba.

"Toh," ta ce daga baya. "Ni ne ke nan." Ta share fuska da bakin zane. "Ki sa sunana, Christina."

A hanyar dawowa Nazeefa ba ta ci gyaɗa ba, ba ta kuma koya mini tuƙi ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Muka iso gida da azahar. Rekiya ta kawo shinkafa da miya, muka zauna. Rekiya ba ta san abin da ya faru ba, tambaya kawai ta yi ta hira.

"Anti Nazeefa, maganar kujerar ogan naku fa? Kin yi applying?"

"Ina fa," in ji Nazeefa. "Oga bai ce in nema ba. Ni ai dama taya shi nake yi."

Na ajiye cokali. Allah ya gani, ban taɓa samun dama a kanta irin wannan ba tun da aka haife mu. Na matsa kusa da ita, na sassauta murya daidai yadda ta yi wa Christina.

"Madam, oga zai yi ritaya watan gobe. Wa kike taya?"

Ta kalle ni kamar za ta watsa mini miyar. Ta sha kunu, ta tashi ta wanke hannu, ta ce in kai ta tasha. Rekiya ta bi ta da ban haƙuri ba tare da ta san laifin me ake yi ba. Ni ban ba ta haƙuri ba. Raina a ɓace yake da gaske, domin na gaji da ganin macen da ta koya wa cibiya guda yadda ake gane aikin mata ta kasa gane nata.

Ta yi kwanaki ba ta kira ni ba. Daga baya na ji yadda aka yi daga bakinta. Ta fara tuntuɓar mijinta, Nasrullahi ya ce shi ai ya ɗauka ta nema tun tuni. Sai ta shiga ofishin Dakta Timothy, don a ganinta bai dace ya ji a bakin wani ba. Ta gaishe shi, ta yi ta zagaye-zagaye, sannan ta ce tana so ta nemi kujerar.

Ta ce dattijon ya cire tabarau ya dafe kai. "Ɗiyata, why now? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ebenezer ya zo ya same ni tun farkon shekara, na riga na rubuta masa recommendation. Ke na ɗauka ba ki so, saboda yara da maigida."

"Sir, ni kuma na ɗauka idan na cancanta za ka kira ni."

Ashe kowa yana jiran ɗan'uwansa. Ebenezer abokin aikinsu ne daga ofishin Ibadan, ƙwararre ne, ba shi da wani aibu, laifinsa kawai ya buɗe baki ya tambaya. Dakta Timothy ya ce ba zai iya janye abin da ya rubuta ba, ita ma ba ta roƙe shi ya janye ba. Amma da ta miƙe za ta fita sai ya tsayar da ita.

"Ki nema. Kuma a gaban panel kada ki yi mini kara. Abin da kika yi, ki ce ke kika yi. Ni na gama nawa."

Ta nema, aka kira ta intabiyu. A nan aka gano cutar ta yi nisa. Ta zo gidanmu ta ce in riƙa yi mata tambayoyi ta gwada amsawa. Na ce ta ba ni labarin binciken wake. Sai na ji, "An lura cewa matan ba sa kiran kansu manoma, sai aka sake tsarin tambayar, aka koma ƙauyukan." Na ce wa ya lura? Wa ya sake? Aljanu? Ta gyara, "Mun lura." Na ɗauko cokali da farantin silba, na ce duk lokacin da ta ce "an" ko "mun" a inda ya kamata ta ce "na", zan buga. Muka koma Turanci, tun da da shi za a yi intabiyun, nan ma ta nemo hanyar ɓuya a bayan jama'a. Na yi ta bugun faranti har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya.

Ta fusata. "Usmanu, ai gaskiya ba ni kaɗai na yi aikin nan ba. Akwai team. So kake in je in yi ƙarya?"

"Wanda kuka yi tare ki ce kun yi, ki ma faɗi sunayensu. Wanda kika yi ke kaɗai fa? Wa ya zauna a kan tabarma ya tambayi matan me suka yi tun asuba?"

A hankali, kamar mai haɗiyar maɗaci, ta ce, "Ni."

"Ban ji ba, ranki ya daɗe. Bawanki kunnensa ya fara nauyi."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. Daga ranar dai farantin ya samu sauƙi.

Ban halarci intabiyun ba, don haka abin da ta faɗa mini shi zan faɗa. Mutane biyu suna zaune a teburi, sauran suna cikin allon kwamfuta daga ƙasashensu, wata mata 'yar Kenya ke jagoranta. An yi ta tambayoyi a kan tafiyar da ma'aikata da tsara aiki, waɗannan ba su ba ta wahala ba. Can sai matar ta ce sun san hanyar tambayar nan da ake amfani da ita a ofisoshi da dama, kuma sun san daga sashen Dakta Timothy ta fito. Tana so ta san tunanin wane ne. Nazeefa ta ce bakinta har ya buɗe zai ce "namu". Sai ta dubi allon ta ce tunaninta ne. Ta ce ita ta ga amsar farko ba ta yi daidai da hannayen matan ba, ita ta nemi a koma, ita ta tsara tambayoyin, Dakta Timothy ya ba ta dama ya kuma tsaya mata. Ta ambaci 'yan matan da suka bi ƙauyuka tare da ita ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta faɗa musu abin da za ta yi da sashen idan aka ba ta, ba tare da ta ce ko da wani ya fi ta sani ba.

Bayan makonni aka ba ta kujerar. Ebenezer ne ma ya fara kiranta ya yi mata murna. Ranar Lahadi dangi suka taru a gidan Kawu Maitama, kowa ya shigo sai ya ce Allah ya taya riƙo, ita tana amin, amin. Kawu ya sa babbar riga kamar shi aka naɗa. Na shirya mata zolaya mai kyau a kan yanzu ta zama oga sai ta ɗauki direba ta bar ramukan Abuja su huta. Na neme ta ban gan ta a cikin mata ba. A bayan gida na same ta, zaune a kan turmin da aka kifa, ita kaɗai. Fuskarta ba ta wanda ake taya murna ba ce.

Na ce, "Lafiya, ranki ya daɗe? Ko kujerar ta yi miki tsawo?"

Ba ta yi dariya ba. "Usmanu, ka san abin da ke ƙona mini rai? Da na ce musu ni ce, babu wanda ya ko ɗaga kai. Matar ta rubuta, ta wuce tambaya ta gaba." Idanunta suka kawo ruwa. "Shi ke nan fa. Abin da na yi shekara da shekaru ina tsoron faɗi ke nan."

Zolayar tana bakina, na haɗiye ta. Na jawo wani bulo na zauna kusa da ita. Daga cikin gida Rekiya tana ta kiranmu abinci zai huce, babu wanda ya tashi a cikinmu.